Tebur na Ƙauyawa Ne, In Ji Injiniya Kasmuri

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Kasmuri, saboda haka kada wani ya ce mini ji na yi a gari. In ya yi atishawa a can, ni nake ce masa yarhamukallahu daga nan. Abin da ya faru kuwa rabinsa a cikin ɗakina ya faru, ba tare da an nemi shawarata ba.

Mutumin nan ya je Malesiya aikin gini, ya dawo mana da jaka ɗaya, da hular kwano rawaya, da sunan Injiniya wanda ya raɗa wa kansa ba rago ba goro. A faɗarsa, babu dogon bene a Kuala Lumpur da bai sa wa hannu ba. Sarpin mai keken haya, wanda ƙaninsa ya yi aiki wuri ɗaya da shi, ya ce wannan gaskiya ne, ya sa hannu: shi ne mai buɗe wa motocin yashi ƙofa. Tun da ya dawo bai ɗora bulo ɗaya kan ɗan'uwansa ba, sai dai ya zauna a bakin lungu da kofin kofi yana gyara wa masu aiki kuskurensu da baki.

Matarsa Warsiti ita ce gidan. Bandar kifi take yi tun asuba, hayaƙi ya rine mata ido har ya zama kamar gauta. 'Yarsu ɗaya, Wulan, ta tafi Jakarta aiki a kanti, sai ga labari cewa an zaɓe ta a gasar waƙa, za a nuna ta a talabijin kai tsaye ranar Lahadi bayan la'asar. Waƙa ɗaya za ta yi. In alƙalai sun so ta, ta wuce, in ba su so ba ta koma kanti.

Warsiti ba ta yi shawara da kowa ba. Kwasar adashenta ta zo, ta ɗauka cif ta tafi kasuwa, ta dawo a keken Sarpin rungume da talabijin da ta kusa ƙyauren ƙofa faɗi.

Na ce, "Warsiti, ba za ki gan ta a waya ba daga baya?"

Ta ce, "Yaya Temi, na gaji da ganin 'yata kamar ƙwayar shinkafa a tafin hannu. So nake in gan ta da girmanta, a lokacin da take buɗe bakin, ba bayan kowa ya gama gani ba."

Wanda ya haifa ya san wannan magana.

To a lungunmu, nan arewacin birnin Semarang inda teku ke shigo mana ɗaka ba sallama, kowa ya san ƙa'ida. Abin da kake so, ɗora shi kan tebur, teburin kuma kan bulo. In ruwa ya ƙaru ka leƙa ƙofa ka yi kira, maƙwabta su zo a ɗaga, a ƙara bulo, a sha shayi a watse. Warsiti tana da teburinta na wani katako mai ƙwari da muke kira jati, gadon uwarta, gishiri ya ci ƙafafunsa amma yana tsaye. Ta goge shi, ta shimfiɗa masa ƙyalle mai fure, tana shirin kiran mu mu ɗora talabijin ɗin.

Sai ga Injiniya ya shigo, hannu a baya.

"Mene ne wannan?"

"Tebur ne, Baban Wulan. Kullum a kansa kake cin abinci."

"A kan wannan za ki ɗora talabijin irin wannan? Tebur ai na ƙauyawa ne. Ƙasashen da suka ci gaba, bango ake maƙala wa. Ni da hannuna na maƙala sama da ɗari a otal ɗaya."

Sarpin, da ke jiran kuɗin ɗauko kaya a bakin ƙofa, ya ce, "A jikin ƙofar yashin?"

Kasmuri ya yi kamar bai ji ba. Ya ce tebur yana cin wuri. Ya ce tebur yana tara ƙura, a ɗakin da ruwa ke wanke daɓensa kyauta. Ya ce ɗaga tebur da ƙara bulo wahalar jahilci ce, shi zai yi aiki sau ɗaya ya huta har jikoki. Warsiti ta ce ita dai a bar mata teburinta har Lahadi ta wuce, bayan nan ya rataye talabijin ɗin ko a wuyansa ne.

Ya ce, "Ranar Lahadin ce ma dalili. Lungu gaba ɗaya zai zo, har Alhaji Dulhadi mai unguwa. A ce 'yar Injiniya tana waƙa a kan teburin cin abinci? Ki bar mini. In na gama, sai an zo daga wasu unguwanni kallon aikin."

A nan dai bai yi ƙarya ba, an zo.

Washegari ya dawo daga kasuwar 'yan gwangwan da maratayin ƙarfe baƙi, mai hannu da gwiwa, ana ja ya miƙo, a tura ya lanƙwashe. Ya aro injin huda bango a lungun baya. Ya sa hular kwano, ya maƙala fensir a kunne, ya tsaya yana ƙwanƙwasa bangon gaba da ɗan yatsa yana kasa kunne, sai ka ce mai sayen kankana.

Sarpin ya ce, "Injiniya, a kira mutane a taya ka?"

"Aikin ilimi ba a yi masa gayya."

Ya ja teburin uwar Warsiti ya hau. Ya ɗora bakin injin a bango, ya gyara tsayuwa, ya danna da dukkan ƙarfinsa don ya saba da bangon Malesiya. Bangonmu kuwa gishiri ya gama da shi tun ina amarya. Injin ya shige kamar cikin dafaffen rogo, Injiniya ya bi shi har goshinsa ya gaisa da bulo. Ya soka noti, ya ja don ya gwada, notin ya fito da jan gari cikin cokali.

"Nan ba daidai ba ne," in ji shi. Ya matsa gefe ya sake hudawa.

Can ma ba daidai ba ne. Kafin azahar bangon ya zama rariya, rana tana shigowa ɗigo-ɗigo tana sauka kan katifa. Matan lungu masu dawowa daga kasuwa suka fara tsayawa suna leƙe ta hujin.

Wata ta ce, "Warsiti, sannu da samun iska."

Kasmuri ya amsa daga ciki. "Gwajin ƙarfin gini ake yi, Hajiya. A wuce."

Yana juyowa don ya ga wadda ta yi dariya, ƙafar teburin ta baya ta ce ta gaji. Ƙas, sai ga shi a ƙasa, hular kwano tana gangarawa bakin ƙofa, teburin ya rabe biyu. Warsiti ta shigo daga wurin banda da wuƙar kifi a hannu. Ta dubi teburin uwarta, ta dube shi. Wallahi na ɗauka ranar za mu yi jana'iza.

Ya tashi yana kakkaɓe wando. "Kin gani? Da talabijin ce a kai fa? Ni na cece ki."

Ta kwashe katakon ta kai bayan gida, ta daɗe a can. Na ji haushin abin har cikin raina, don na san uwar tata, na ci abinci a kan teburin nan ranar sunan Warsiti.

Da ya ga bangon gaba ya ƙi, sai ya waiwayo namu, wanda muka haɗa. Ni ban sani ba. Na yi sallar azahar, na shiga gidan sauro na ɗan kishingiɗa. Cikin barci na ji gurnani a saitin kaina. Ina buɗe ido na ga wani dogon ƙarfe ya ɓullo ta bango yana juyi, ya cafki gidan saurona ya fara naɗewa. Igiyoyi suka tsinke, gidan sauron ya tashi sama yana murɗewa, ya haɗa da ɗankwalina da ke rataye, duk suka dunƙule a jikin bango. Na fito lungu ba ɗankwali, takalmi wari ɗaya.

"Kasmuri, kashe ni za ka yi?"

Ya leƙo da fara'a. "Yaya Temi, ashe kina ciki. Ya fito ta wajenki? Madalla, abin da nake so ke nan."

"Abin da kake so ke nan?"

"Sabuwar dabara ce. Dogayen notuna za su ratsa bangon, in ɗaure su ta ɗakinki da katako. Ko giwa aka rataya ba za ta faɗo ba."

"To ka je ka nemo giwar ta ba ka ɗakinta."

Sai da na shiga na ga inda ya huda, gabana ya faɗi. Can sama ne, kusa da rufi. Mu nan duk bayan 'yan shekaru mukan cika daɓe da ƙasa don mu tsere wa ruwa, har rufi ya fara shafar kanmu. Sai a yi gayya, a ɗaga rufin, a jera bulo 'yan layuka a kan tsohon bango. Siminti kaɗan, yashi da yawa, ƙarfe babu, shayi da hira kuwa sai wanda ya ƙoshi. Wannan ƙarin na sama zaune kawai yake bisa amana. Kalanda muke rataya masa, ita ma sai watanni sun ragu. Lokacin da aka yi gayyar ɗaga namu rufin, Injiniya yana can yana buɗe ƙofa.

Na gaya masa. Sarpin ya gaya masa. Alhaji Dulhadi da kansa, da ya biyo ta lungun zai je masallaci, ya tsaya ya ce, "Malam Kasmuri, da ni aka jera bulon nan. Ranar siminti ya ƙare mana, muka ƙarasa da addu'a."

Kasmuri ya yi murmushin tausayi. "Alhaji, da girmanka, amma kowa da fanninsa. In ana maganar zakka zan yi shiru. Nauyi ba ƙasa yake zuwa ba in an rarraba shi. Akwai lissafi."

Alhaji ya ce, "Allah ya ba da sa'a," irin yadda ake faɗa wa mai tafiya teku da kwale-kwale mai yoyo. Ya wuce.

Ni na rantse ba zai taka ɗakina ba. Da yamma Warsiti ta shigo, ta zauna a bakin gadona, warin hayaƙi na tashi daga zanenta.

"Yaya Temi, teburina ya tafi. Na zaga lungu, kowa nasa na ɗauke da kayansa, ga shi an ce ruwa zai hau ƙarshen mako. Ba ni da inda zan ajiye talabijin ɗin. Ki bar shi ya ɗaure."

"Bangon ba zai ɗauka ba."

"Ya ɗauka na waƙa ɗaya. Bayan nan ya faɗo masa a ka."

Mala'iku suna kusa ashe, suka ce amin.

Haka Injiniya ya shigo ɗakina da takalminsa, ya kafa wani katako a saman gadona, ya ɗaure notuna har bangon ya yi wani ƙara irin na tsohuwa mai miƙa. Gari ya zubo kan matashina.

Na ce, "Ka ji?"

Ya ce, "Kamawa yake yi."

Suka ɗaga talabijin shi da Sarpin, don a nan ilimi ya yarda a yi masa gayya. Ta hau, ta zauna. Kuma, don Allah ya jarrabe mu, ta tsaya daram. Ya ja wayar eriya daga rufi ya cusa, ya ɗaure da leda don bakin ya yi sako-sako, ya soka wuta a soket ɗin da ke can sama kamar na kowa. Hoto ya fito tar.

Daga nan lungu bai ƙara samun lafiya ba. Kasmuri ya bi gida-gida yana gayyata. Ya ce wa mai awara zai maƙala mata tata a farashin zumunci. Ya ce wa Sarpin ya fara tara kuɗi, don yanzu layi za a bi. Ya tsaya a ƙofata yana tambaya ko bangon ya faɗo mini cikin dare, da ya ji shiru.

Na ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ya ce, "Hassada ga mai rabo taki ce, Yaya."

Lahadi ta zo, teku ma ta zo, don ita ba a gayyatarta. Tun azahar ruwa ya fara silalowa ta kwata, kafin la'asar ya kai idon sawu a ɗakin Warsiti. Wannan ba ya hana mu komai. Aka shigo da bencina daga masallaci, aka ɗora su kan bulo, mata suka tattare zannuwa suka zauna, ƙafa a sama. Aka jera farantan soyayyar ayaba da awara da rogo a kan wani benci a gindin bangon, ƙarƙashin talabijin. Warsiti ta yi wanka ta sa rigarta ta sallah, ta zauna a gaba tsakiya, ta riƙe hannuna. Hannun nata sanyi ƙalau.

Ɗakin bai ɗauki mutane ba, don rufin asiri ne ba zaure ba. Maza suka cika ƙofa har lungu, wasu sun hau keken Sarpin, wasu sun liƙa ido a hujin bangon gaba, wanda a ƙarshe ya sami amfani. Kasmuri ya sa riga mai dogon hannu da hular kwanonsa, ya ajiye wa kansa kujerar roba a gefen matarsa, amma ya kasa zama. Yana tsaye a gindin talabijin yana bayani.

"Ku lura da tsayin. Ko ruwa ya kai wuya, ita ko a jikinta."

Sarpin ya ce, "Mu kuma masu kallon fa?"

"Ku lura babu ƙafa, babu bulo, babu a-zo-a-ɗaga."

Wata tsohuwa ta ce wuyanta ya ƙage da kallon sama, ko za a ba ta katifa ta kwanta. Kasmuri ya ce haka ake kallo a otal.

Aka fara shiri. Wani yaro ya yi waƙa aka tafa masa, wata mai ƙyalƙyali ta yi tata alƙalai suka yamutsa fuska. Ana cikin haka Alhaji Dulhadi ya iso daga masallaci. Aka buɗa masa, aka sa masa kujera a bakin ƙofa, don ya ce ba zai jiƙa zanen sallarsa ba. Ya zauna, ya leƙa, ya karkata kai.

"Ni gefenta kawai nake gani. Ba komai, zan saurara."

Da Alhaji ya yi shiru da bakinsa, da yanzu wani labarin nake ba ku. Kasmuri ya yi tsalle kamar an taka masa wutsiya. Abin da yake jira ke nan tun ranar da ya sayo ƙarfen.

"Alhaji, ka ce ba ka gani? A gidan Injiniya? Jama'a a duba nan. Tebur zai iya wannan?"

Warsiti ta ce, "Baban Wulan, bar ta yadda take."

"Daƙiƙa ɗaya."

"Na roƙe ka. Saura kaɗan a kira ta."

Ya riga ya kama. Ya jawo talabijin, hannun ƙarfen ya miƙo daga bango, gwiwar ta buɗe, ta taho tana shawagi a saman kawunanmu. Mutane suka ce kai. Ni ban ce kai ba, don na ga wani siririn layi ya buɗe a bango, daidai inda tsohon gini ya haɗu da na gayya, kuma ta cikin layin ina hango labulen ɗakina.

"Ya isa haka," in ji Alhaji. "Ina gani."

"Ai ba ta ƙare ba. Tana juyawa ma."

Ya ja ta har ƙarshen hannun, ya murɗa ta wajen ƙofa, ya sake ta, ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Bangon bai yi gaggawa ba, ya yi abinsa cikin ladabi. Ya fara sunkuyowa kamar mai gaida surukai, yashi yana zubowa. Sarpin ya ce, "Injiniya, ginin naka na ruku'u." Kasmuri ya ɗaga kai, ya ga talabijin na saukowa kansa, ya tallabe ta da hannu biyu da hular kwano. Sai bulon gayya suka biyo baya. Suka zubo kan bencin abinci, faranti ya tashi, awara ta watsu, ruwa ya fallatsa har fuskar Alhaji. Mata suka yi baya da salati, benci ɗaya ya kife da mutum huɗu. Katakon da ya kafa a saman gadona ya ratso ta ramin ya zo ya daki hular kwano, ƙwal, ya tsaya a kafaɗarsa.

Da ƙura ta lafa, ba wanda ya ji ciwo, sai soyayyar ayaba da ke yawo a kan ruwa. A saman bangon kuwa ga taga an buɗe, wadda akuya za ta wuce ba ta sunkuya ba. Ta cikinta lungu gaba ɗaya yana kallon ɗakina: gadona ba gyara, tukunyar jiya, da 'yan kamfaina na ciki da na shanya a igiya don ban yarda da idon waje ba. Shekarata sittin da wani abu, mijina ma bai taɓa ganinsu a jere haka ba.

Sarpin ya ce, "Yaya Temi, ashe ja kike so."

Na ce masa abin da ba zan maimaita a nan ba.

Sai muka ji tafi. Ba daga lungu ba, daga talabijin. Ashe ba ta mutu ba. Tana nan a kan Kasmuri, ya tallabo ta ta baya, fuskarsa manne da bayanta, ƙarfen da guntun bango na reto a gefen kunnensa, ƙafafunsa cikin ruwa da fasassun bulo. Allon yana kallonmu. Mai gabatarwa yana cewa yanzu kuma ga wata daga Semarang, 'yar mai bandar kifi.

"A karɓe ni," in ji Kasmuri daga baya. "Sarpin, zo mu sauke."

Sarpin ya ce, "A ina? A ruwa?"

"A kawo tebur."

Sai dariya ta fara daga ƙofa, ta bi ta lungu har kan keke.

Alhaji ya share fuska da gefen rawaninsa. "Tebur ai na ƙauyawa ne, Malam Kasmuri."

Sarpin dai ya tausaya, ya taka ruwa zai kama gefe ɗaya. Yana taɓawa, talabijin ta ɗan karkata, wayar eriyar nan mai leda ta motsa, hoto ya watse ya zama yayyafi. Warsiti ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ba ta ɗaga ta ba ma.

"Sarpin, cire hannunka. Baban Wulan, koma yadda kake."

Ya koma. Hoto ya dawo rabi.

"Ɗaga dama."

Ya ɗaga. Hoto ya dawo tar.

"Tsaya nan. In ka motsa, wallahi sai dai ka koma Malesiya."

Sai ga Wulan. Yarinyar da na goya, na share wa majina, ga ta nan tsaye da girmanta a cikin fitilu, ta cika allon. Warsiti ta zauna a hankali, ta damƙe hannuna har na ji zafi. A ɗakin ba ka jin komai sai ruwa na lasar ƙafar benci da numfashin Injiniya.

Mai gabatarwa ya tambaye ta ko akwai wanda take son gaisarwa. Ta yi dariya, ta ce tana gaida mahaifiyarta da duk mutanen lungu. Sannan ta ce, "Da Babana. Ya yi mini waya ya ce shi ya kafa talabijin da hannunsa, kuma kujerarsa tana gaba. Baba, ka gan ni?" Ta ɗaga hannu.

Kujerar robar tana nan a gaba, guntun bulo a kanta. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Ta fara waƙa. Ni ban san kan waƙar zamani ba, amma tsigar jikina ta tashi. Hawaye suna bin fuskar Warsiti ba ta ko share su, don kada hannu ya tare mata ido. Allon yana ɗan rawa, saboda hannuwan da ke riƙe da shi sun fara karkarwa. Gumi yana ɗiga daga gwiwar hannunsa zuwa cikin ruwa. Na ga ƙafarsa ta so gyara tsayuwa, ta fasa.

Can tsakiyar waƙar, muryarsa ta fito daga bayan talabijin, ƙasa-ƙasa, babu Injiniya a cikinta ko kaɗan.

"Warsiti. Wace riga ta sa?"

"Kore."

Wulan ta ja wani dogon amo, mutanen cikin talabijin suka tashi tsaye.

"Ta yi kyau?"

Warsiti ba ta ɗauke ido daga 'yarta ba.

"Ta yi kyau," ta ce. "Ɗan ɗaga hagu."